Takardu Uku a Kan Tebur

Shekara shida ina shan ruwan rijiyar da ban haƙa ba.
Ranar da Herminia ta bene ta sa intanet
ta leƙo ta taga ta ce, "Eleuterio, rubuta:
sunan kyanwata, da lambar gidan nan."
Ni kuma duk Asabar in hau mata da kifi daga bakin teku.
Ba wanda ya taɓa kiran wannan biya.

Makon jiya ɗanta ya zo daga Santiago
ya kwashe ta, da kujeru, da kyanwar,
da ɗan akwatin nan mai ƙifta ido.
Na wayi gari wayata ta kurmance.

To ga ni, tabarau a karan hanci,
takardu uku a tebur, shayi ya huce.

Ja ta ce feso dubu goma sha ɗaya a wata.
Har na gyara zama,
sai na hangi ɗan tauraro a gindin lambar,
ƙarami kamar kwarkwata.
Na bi sawunsa ƙasa, can inda rubutu ya koma yashi:
wata uku ne kawai,
daga na huɗu kuɗi ya ninka.
Ga zaƙi, ga harbi.

Shuɗiya ba ta iya magana a hankali ba.
Mega ɗari takwas! Tashoshin ƙwallo! Fina-finai!
Me zan yi da wannan gudu,
ni da na yi shekara talatin da ɗaya
ina jan akwatin fasinja da igiyar ƙarfe
daga gindin tudun Valparaíso zuwa kansa,
tafiyar hawainiya, ban taɓa makara ba?
Wai kuma in sa hannu na wata goma sha takwas.
Likitana ma bai yi mini wannan alkawari ba.

Ta ukun fara ce, tawadarta ta zuba a gefe.
Samari biyu ne, da tsani, da tsohuwar mota.
Dubu goma sha huɗu, bana haka, baɗi haka.
Na kira, mutum ya ɗauka,
mutum da tarinsa, ba muryar danna ɗaya, danna biyu ba.
Ya ce, "Gaskiya, kaka, in iskar teku ta taso
takan ɗan yanke."
Rabon da mai sayarwa ya nuna mini ɓarakar hajarsa
tun kaina yana da baƙin gashi.

Na ɗauko fensir, na ja layi a bayan ambulan.
Ja, in shekara ta zagayo: ɗari biyu da talatin da ɗaya.
Fara: ɗari da sittin da takwas.
Tsakaninsu akwai gas ɗin hunturu da sabon takalmi.
Lissafi ya fita sarai,
amma na juya takardun gaba da baya
ban ga inda aka sa farashin
sandar da ke buga bene da dare ba,
sau biyu: "Ya dawo?"
ni kuma in amsa da bakin tsintsiya: "Ya dawo."

Ranar Talata suka zo,
suka ratsa da wayarsu tsakanin igiyoyin shanya.
Ƙaramin, Nibaldo, ya share gumi da hula:
"Wace kalmar sirri za mu sa?"
Na ce, "Sardina. Sai lambar gidan nan."
Ya yi dariya, wai kowa zai iya cinka.
Na ce ya bar ta haka.

Da magariba na ji motsi a matakala.
Sabuwar 'yar haya ce, ɗalibar jinya,
ta ɗaga waya sama kamar mai neman jinjirin wata,
akwatunanta ko kwancewa ba ta yi ba.
Na tura taga, ƙyauren ya yi kukan da ya saba.
Na ce, "Yarinya, kina da biro?"